Zakin Takarda Mai Gashin Baki

A wani gidan haya mai ɗakuna a jere, inda kowace ƙofa take kallon tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya, an yi wani mutum da ake kira Na-Taɓa. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Ba abin da za a ambata a gabansa bai ce ai ya taɓa yi ba. In mota ta lalace, ya taɓa gyara wadda ta fi ta. In mace na naƙuda, ya taɓa karɓar haihuwa a cikin jirgin ƙasa. Ranar da aka ba da labarin wani da ya faɗo daga bene ya mutu, har ya buɗe baki, sannan ya tuna ya rufe.

Aikinsa na gaskiya gadin makarantar yara ne, ya yi har ƙafa ta gaji aka sallame shi. Amma in yana ba da labari sai ka rantse shi ya koya wa malaman riƙe alli. Dukiyarsa a duniya kuwa gashin baki ne, mai kauri, baƙi wuluk, ya murɗe sama hagu da dama kamar ƙahon rago. Yana da ɗan mataji dominsa, da kwalbar mai, da gutsuren madubi a aljihu. Ko shayi zai sha sai ya ɗage shi da yatsa tukuna.

Ɗakin bakin ƙofa na Gwaggo ne. Tun da mijinta ya rasu ta fasa taga ta mai da rabin ɗakin shago, tana sayar da sabulu da fulawa da sukari da zare da ashana. Gwaggo ba ta san rangwame ba. Mai kawo mata ƙwai ma in ya fito daga wurinta sai ya nemi inuwa ya zauna. Ita ce Na-Taɓa ya sa wa ido, kullum yana tsaye a tagarta wai sayen ashana. A lissafin Gwaggo ashanar da ya tara ta isa ta ƙone unguwar. Ta san abin da yake kawo shi, ya san ta sani, amma duk lokacin da ya gyara murya ya ce, “Ranki ya daɗe, akwai wata 'yar magana,” sai ta tambaye shi ko da sabulu za a haɗa masa.

Sai damina ta zauna. Ruwa ba safe ba rana, tsakar gida ta koma tafki. 'Yar Gwaggo tana aikin asibiti, kullum da safe sai ta sauke mata jikoki ta wuce. Akwai babbar, wadda ake kira 'Yar-Baki saboda ba ta barin magana ta faɗi ƙasa. Akwai Kumatu, wanda duk abin da ya riƙa sai ya ɗanɗana. Sai Auta, 'yar ƙarama mai tari, wadda uwarta ta ja kunne cewa ko ɗigon ruwa kada ya taɓa ta. Ga 'ya'yan maƙwabta, tagwayen Tela da ɗan Mai Kitso, kuma duk shagon Gwaggo suke taruwa domin nan ne ake warin alewa. Ka bar su waje su jiƙe su kwaso mura, ka tsare su ciki su kwance ɗakin.

Wata yamma ana yayyafi Na-Taɓa ya zo sayen ashanarsa, ya tarar da Gwaggo da tsintsiya tana korar yara daga kan buhun fulawa, Kumatu ya yi fari fat har gira. Ya jingina da taga ya murza gashin baki, ya ce shi yana mamakin yadda mata ke wahala da yara, alhali riƙon yaro ilimi ne. A makarantar da ya yi aiki, in ji shi, da ruwa ya tsuge shi ake nema. A tara masa yara, ya zaunar da su da aikin hannu, naɗe takarda da zane da yanka kwali da ƙera dabbobi, har in an tashi iyaye su riƙa jan 'ya'yansu suna kuka wai ba za su gida ba.

Gwaggo ta tambaye shi ko a bakin get ake wannan koyarwa. Ya ce get ɗin ai reshe ne na ofis.

Nan ya ga ƙofa ta buɗe masa, sai ya sa kai. Ya ce a ba shi yaran gidan kaf ranar ruwa guda. Zai tsare su a ɗaki da aikin hannu tun shigowarsu har ruwa ya ɗauke, ba wanda zai leƙo, ba wanda zai jiƙe. In ya yi haka, ita kuma ta ajiye awo ta ba shi kujera ta saurari 'yar maganar nan har ƙarshe.

Gwaggo ta jingine tsintsiya. Ciniki ya zo, ita kuwa ba ta ciniki a tsaye. Ta zauna ta ce ta ji abin da zai ci in ya yi nasara, saura abin da ita za ta ci in ya faɗi. Ya ce zai share mata ƙofar shago har damina ta wuce. Ta ce tana da tsintsiya, kuma tsintsiyarta ba ta surutu. Ya ce rediyonsa. Ta ce rediyon da sai an mare shi yake magana, ya riƙe abinsa. Ya miƙo agogon hannu, ta kara a kunne, ta mayar masa ta ce a yi masa addu'a, ya daɗe da rasuwa. Sannan ta ɗaga ido ta tsayar a tsakiyar fuskarsa.

“Wancan nake so.”

“Wanne, ranki ya daɗe?”

“Wanda kake murzawa.”

Hannunsa ya sauka a hankali. Ya ce a rage tsawo dai. Ta ce a aske. Ya ce to gefe guda. Ta ce ita ba ta sayar da rabin kwalin ashana, ba ta kuma sayen rabin gashin baki. A aske tas, a tsakar gida, Wanzamin gidan ya riƙe aska. Kafin ya sami hanyar zamewa Tela da Kafinta da Wanzami sun leƙo daga ɗakunansu, Mai Kitso ma ta fito da mataji a hannu. Mutumin da ya taɓa yin komai ba ya ja da baya a gaban jama'a. Ya buga ƙirji ya ce ya yarda, kuma Wanzami ya mai da askarsa kube, ba ranar amfaninta.

Ya nemi a yi a falon Gwaggo, ta ce kujerunta ba sa cikin ciniki, yana da ɗaki. Ya nemi fulawar kwaɓa gam, ta nuna masa wadda Kumatu ya zubar a ƙasa, ta ce ya kawo kwano ya share.

Washegari sama ta haɗe tun da sassafe, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Na-Taɓa ya fito cikin rigarsa ta fita unguwa, gashin baki na ƙyalli, ya jera yara ya shige da su ɗakinsa kamar mai kai sojoji yaƙi. Ya riga ya tara tsofaffin jaridu da kwalaye, ya aro almakashi wurin Tela, ya roƙi bular wanki da guntun jan-baki wurin Mai Kitso. Gwaggo ta jawo kujerarta bakin taga, inda take hango ƙofarsa sarai, ta ɗauko tiren wake tana tsinta.

Da farko shiru. Har ta fara jin ba daɗi. Can sai ta ga ruwa yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofarsa, daga ciki zuwa waje, alhali kowane ɗaki na gidan daga waje yake shan nasa. Ta ɗauki lema ta je ta leƙa ta taga.

Ashe da jirgin ruwa na takarda aka fara. Na-Taɓa ya naɗe jarida ya juya ya sake naɗewa, abin ya fito hula. Ya ce jirgi ne na ƙasashen waje. 'Yar-Baki ta ɗora a kan Kumatu ya zauna daram. Ya sake wani, ya fito hula ƙarama. Tagwaye suka ce in jirgi ne a gwada shi a ruwa, suka jawo bahon wankinsa suka juye masa duk ruwan da ya tara na sha. Jirgin ya sha ruwa ya nutse nan take. Na-Taɓa ya ce irin mai tafiya ta ƙarƙashin teku ne. Kumatu ya ɗaga ƙafa zai shiga bahon don ya ceto shi, sai Na-Taɓa ya tuna sharaɗi, ya cafke shi a sama kafin ƙafarsa ta taɓa ruwa, gwiwar Na-Taɓa ta bugi baho, baho ya kife a kan tabarma.

Gwaggo ta ce ta taga, “Malam, ruwan ɗaki ma ruwa ne.”

Ya ce ta duba da kyau, shi kaɗai ya jiƙe, shi kuwa ba ya cikin lissafi. Ta duba, gaskiyarsa. Yaran duk suna kan gadonsa da takalma.

Aka koma zane. Ya raba musu kwali, ya dama bula a murfin kwano, ya ce kowa ya zana abin da ya fi so. Shi kuma ya juya baya yana shanya tabarma a kan ƙofar kabad. Kafin ya juyo kwalin ya yi wa masu zane kaɗan, sun hau bango. Ɗan Mai Kitso ya zana mota mai ƙafa. 'Yar-Baki ta zana wani mutum mai ƙaton ciki da siraran ƙafafu da ƙaho a ƙarƙashin hanci, ta ce Kawu Na-Taɓa ne. Na-Taɓa ya tsaya ya duba, ya ce hannun yarinyar yana da kyau, sai dai gashin bakin ya yi gajere, ya karɓi bula ya ƙara masa tsawo da kansa.

Tagwaye kuwa 'ya'yan tela ne, ba ruwansu da zane. Ya nuna musu yadda ake ninke takarda a yanka ta fito mutane riƙe da hannun juna. Nasa ya fito mutane ba kawuna. Su suka gane dabarar tun kafin ya gama bayani, suka ga takarda ba ta da daɗin yanka, suka juya kan labulen ƙofa. Da Tela ya leƙo neman almakashinsa, ya ga labulen Na-Taɓa ya zama jerin mutane masu rawa, sai ya yaba yankan, ya ce layin ya miƙe, ya koma ɗakinsa ba almakashin.

Kusan tsakar rana yara suka fara gajiya. Ɗan Mai Kitso ya ce zai je wurin uwarsa. Tagwaye suna leƙen tsakar gida ta ramukan labule, suna kallon ruwa yana gudu a kwata, idonsu na ƙyalli. Na-Taɓa ya ga gashin bakinsa na shirin barin gida. Ya tare ƙofa da jikinsa ya ce duk abin da aka yi wasa ne, yanzu za a yi babban aiki. Za a ƙera kan zaki, wanda mutum zai sa ya yi ruri, irin wanda ya taɓa ƙerawa har shugaban makaranta ya suma.

Ya dama fulawa da ruwa a kwano, ya sa su yayyaga jarida. Ya ce ana hura balan-balan ne a lulluɓe shi da takarda mai gam, in ya bushe a fasa balan-balan ɗin, kai ya fito. Balan-balan ɗaya gare shi. Ya hura, ya hura, yana kallon yaran ta gefen ido, 'Yar-Baki tana cewa Kawu ya isa, yana ɗaga mata hannu wai ta bar masana da aikinsu. Abin ya fashe masa a fuska. Aka aiki Kumatu bakin ƙofa ya ƙwala wa Gwaggo kira ko za ta ara musu bokiti a ɗora aikin a kai. Gwaggo ta ce bokitinta yana tarar ruwa, shi ma yana bakin aiki.

Kumatu bai koma ba sai da ya ƙara roƙo. Ya ce kunun Kawu ba daɗi, a ba shi sukari. Gwaggo ta san sarai ba kunu ake damawa a ɗakin can ba. Ta kuma san bangon ɗakin Na-Taɓa, da irin baƙin da suke fitowa daga tsagarsa duk damina. Ta yi ɗan tunani, ta ga ba a sa hana jika sukari cikin sharaɗi ba. Ta ƙulla masa a leda ta kai masa har ƙofa a ƙarƙashin lema, abin da ba ta taɓa yi wa mai saye ba.

Da ta isa ta tarar an sami abin ɗora aiki. Na-Taɓa yana zaune a kujera tsakiyar ɗaki, ya yafa tawul, ya ce ba kan da ya fi nasa kama da na zaki, a kansa za a ƙera. Yara suna tsoma takarda a ƙullu suna manna masa a goshi da kumatu da ƙeya. Kumatu ya juye sukarinsa a kwano ya gauraya, yana manna ɗaya yana lashe ɗaya.

Matsalar ita ce ƙullun fulawa ba ya bushewa ranar ruwa. Takarda sai zamewa take tana sauka wuyansa. Na-Taɓa ya aika a kira Kafinta ya zo da gam ɗinsa na katako. Kafinta ya zo da gwangwani, ya tsaya a ƙofa ya ce wannan gam in ya kama ƙafar tebur sai dai katakon ya karye, kuma in dole sai an yi, a shafe gashi da mai sosai a rufe da leda. Na-Taɓa ya yi dariya ta cikin jarida. Ya ce leda ta masu koyo ce. Ya ce shi ya taɓa aiki da gam ɗin da ake liƙa fiffiken jirgin sama. Kafinta ya ajiye gwangwani ya ce Allah ya ba da sa'a, ya tafi ya kira matarsa ta zo ta gani.

Da aka zo wajen baki, 'Yar-Baki ta ce zaki yana da gashin baki, a yanko zaren buhu a liƙa. Nan Na-Taɓa ya ji an taɓa shi. Ya ce zaren buhu a gidan da yake? Ya sa aka zaro nasa ta cikin takarda, hagu da dama, aka baje shi a kan kumatun zakin, ya ce a bi gindinsa da gam sosai don ya tsaya a miƙe.

Gwaggo na jin haka ta miƙa hannu ta taga ta ce a ba ta Auta za ta sha magani. Ta goya ta, ta ɗaure zane tam, ta lulluɓe ta da mayafi, ta koma shago ta ture tiren wake gefe don kada ya tare mata gani.

Mai Kitso ta kawo injin busar da gashi da kanta, ba wanda ya roƙe ta. Aka yi ta hura wa kan zafi, tagwaye suna liƙa geza da ragowar labule, ɗan Mai Kitso yana shafa jan-baki, 'Yar-Baki tana zana idanu manya da bula. Sai da abin ya bushe ya yi tauri kamar ƙwarya aka lura idanun zane ne kawai, ba wanda ya tuna ya huda. Ƙofa ɗaya ce a kan gaba ɗaya, 'yar ramin baki da yake numfashi. Ta nan muryarsa ta fito kamar daga cikin rijiya, yana cewa haka ake yi, sai an gama ake buɗe ido, a miƙo almakashi. Aka nemi almakashi aka rasa, tagwaye kowa ya ce ɗan'uwansa ne ya riƙe.

Ya ce ba komai, a ɗaga kan sama a cire. Yara suka kama kunnuwan zaki suka ja. Wata ƙara ta fito daga ramin bakin da ta sa kajin Wanzami suka watse daga ƙarƙashin benci. Yara suka yi tsalle suna tafi, suka ce Kawu ya iya ruri, a sake. Suka sake ja. Ya sake yi, wannan karon har da kiran sunan Allah.

Ana cikin haka baƙin bango suka iso. Kiyashi ne suka fara, layi guda daga tsagar bango zuwa ƙafar kujera, suka hau tawul suka shige ta wuya, inda ƙullun Kumatu mai sukari bai gama bushewa ba. Cinnaku suka biyo baya. Gwaggo daga shago ta ga ƙofar ɗakin ta girgiza, ta ji kwano ya faɗi, ta ji kabad ya bi shi. Sai ga zaki ya faso ta cikin mutanen labule, kai shuɗi da ja, ido a zane ɗaya sama ɗaya ƙasa, gashin baki a miƙe, rigar fita unguwa a jiki, yana marin kansa da hannu biyu.

Ya yi tsakar gida a guje cikin ruwa. Ya ci karo da igiyar shanya ta mayar da shi baya. Ya juya ya rungumi famfo. Ya sake juyawa ya taka bokitin Gwaggo, ƙafarsa ta shige, ya ci gaba da gudu da shi ƙwaram ƙwaram. Yara kuwa da suka ga zakinsu ya tsere, wa zai tsaya? Suka ɗungumo bayansa gaba ɗaya, tagwaye da muciya, Kumatu da kwanon gam a ka, 'Yar-Baki tana ba da umarni a tare ta can kada ya fita titi. Kafin ƙiftawar ido ba wanda ba ya ɗigar ruwa a cikinsu, suna dariya har da faɗuwa a taɓo.

Kowace ƙofa ta cika da kawuna. Matar Kafinta ta riƙe ciki ta zauna a dokin ƙofa. Masu wucewa a titi suka ji hayaniya suka shigo da lemominsu. Wani mai sayar da burodi ya ajiye tirensa ya tambaya ko biya ake a kalla. Zaki ya zagaya tsakar gida ya zo daidai kwata, santsi ya kwashe shi, ya zauna a ciki daɓas, ƙafa ɗaya a bokiti, ruwan indararo na sauka a tsakiyar kansa. Cinnakun dai sun ji ruwa sun lafa. Fulawa ta jiƙe ta fara narkewa tana bin wuyansa, amma duk inda gam ɗin Kafinta ya taɓa yana nan daram.

Gwaggo ta sa aka kwashe yara aka tsane su aka canza musu kaya. Sannan ta fito da lema, Auta a bayanta a bushe ƙayau, ta tsaya a kan zaki. Ta ƙwanƙwasa goshinsa da yatsa kamar mai gwada kankana.

“Akwai mutum a ciki?”

Murya ta fito ta ce akwai, kuma duk wannan cikin tsarin wasan yake, ana kiransa farautar zaki. Ta ce to an kama zakin, saura fiɗa. Ya ce a tsaya, a yi adalci, Auta ba ta jiƙe ba, ke nan bai faɗi duka ba, a bar masa gefe guda. Gwaggo ta ce bushewar Auta tata ce, a bayanta aka same ta, kada ya haɗa da kayansa.

Aka zaunar da shi a benci a ƙarƙashin rumfa. Kafinta ya zo da zarto, murya ta ce a'a, a'a, don girman Allah. Tela ya lalubo almakashinsa a aljihun ɗaya daga cikin tagwaye, ya tsaga kan ta ƙeya a hankali. Bayan ya buɗe, gefe ya saki tare da 'yan gashin kai, amma gaban ya ƙi. Fuskar zaki tana rataye a leɓen Na-Taɓa, gashin baki ya zama ɗaya da takarda. Aka gwada ruwan zafi, aka gwada mai, aka gwada sabulu, wanda Gwaggo ta ce na wanki ne ba na zaki ba, a yi a hankali da shi. Kafinta ya ce ai ya faɗa, ƙafar tebur ma ba ta saki.

Wanzami dama tun da aka fara guje-guje yake wasa askarsa a bakin ƙofa. Ya matso ya ce shi ba ya son shiga tsakanin mutum da gashinsa, amma yau ko ba sharaɗi sai an yi, in ba haka ba Malam zai riƙa shan shayi da fuska biyu. Na-Taɓa ya rufe ido. Aska ta shiga tsakanin leɓe da takarda, ta bi a hankali daga hagu zuwa dama. Fuskar zaki ta faɗo a cinyar Wanzami da gashin bakinta cikakke, a murɗe, ko sili ɗaya bai ɓata ba.

Jama'a suka zuba ido suna kallon abin da ya rage a kan benci. Leɓen sama fari sol, ɗan ƙarami, bai ga rana ba tun zamanin samartaka. Auta ta leƙo ta kafaɗar Gwaggo ta tambaya wane ne wannan. 'Yar-Baki ta ce ƙanen Kawu ne. Nan dariya ta ɓarke har mai burodi ya zubar da kaya.

Na-Taɓa ya rufe baki da tawul ya miƙa hannu zai karɓi fuskar zaki. Gwaggo ta riga shi. Ta ce fulawarta ce, sukarinta ne, aikin jikokinta ne, gashin kuwa ta ci shi a ciniki a gaban shaidu. Abin da yake nasa a ciki jarida ce, in yana so ya zo ya ɓamɓare. Ta ce kuma bokitinta ya lotse, amma wannan ta yafe, don kada a ce ba ta da tausayi.

Tela ya ɗinke mata ƙeyar, Kafinta ya buga ƙusa, aka rataye kan zaki a shago daidai saman buhun fulawa, yana harara da idanunsa na bula. Tun daga ranar ba yaron da ya ƙara hawa buhun. In ruwa ya sauko sai su zauna a ƙasa su yi ta yanka kwali suna ƙera ƙananan zakoki, kowanne da gashin baki na zaren buhu, suna gardamar wanda ya fi kama da Kawu.

Na-Taɓa ya yi kwanaki ba ya fitowa sai da hankici a baki, wai mura. Amma ashana ba ta jira. Wata safiya ya zo taga, ya ɗaga kai ya ga gashin bakinsa yana kallonsa daga bango, hannunsa ya tafi leɓe ya murza iska. Ya gyara murya ya ce ai wannan ba komai ba ne, ya taɓa askewa da gangan, da ya tsiro har ya fi na da. Ya ce in gashin ya dawo, yana so a sake ciniki, domin yanzu ya gano inda kuskuren yake, fulawar ce ba ta da kyau.

Gwaggo ta miƙa masa ashanarsa. Ta dubi zaki, ta dubi fuskar Na-Taɓa daga goshi zuwa haɓa, a hankali, irin kallon da take yi wa kwandon ƙwai kafin ta taya.

“Ba sai ka jira ya tsiro ba,” in ji ta. “Gobe ma akwai hadari. Zakina kuwa ba shi da gira.”